Safa a Bakin Bindiga

Jiya na ga safa a kan danga, sai na tuna Kawu, tsohon soja. Zamanin arzikin mai, muna zaune a iyakar Jibiya aka sauke sojoji da sababbin makamai. Kawu ya nuna da haɓa: "Kowace babbar bindiga, mutum goma ke bayanta. Ga uku, talatin ke nan."

Sai wani soja ya shanya jiƙaƙƙiyar safarsa a bakin bindiga ɗaya, warin har wurinmu. Sauran suka yi dariya.

Kawu ya tofar da goronsa. "Cire goma, ɗana. Masu dariyar ma cire su."

"Saura nawa, Kawu?"

"Saura ƙarfe."

Allah ya jiƙansa, kada ya bar tsaronmu a hannun ƙarfe kaɗai.