Raƙumin Gidan Burodina

Da na gaji da yawon duniya na dawo Dutsin-Ma, gidan burodi na buɗe. Lokacin ba a kawo jami'a ba, garin bai cika hayaniya ba. Wani mai zanen allunan shaguna ya zana mini raƙumi a bango, wuyansa gajere, sai ka ce rago mai tozo. Aka yi ta dariya, amma na bar shi haka, har na sa aka buga shi a jikin leda. Matan Birchi da Barkiya ba sa karanta sunan gidan. Ranar kasuwa cewa suke, "A ba mu mai raƙumi."

Na yi aikin burodi a Yamai da Kumasi, na zauna a Jidda. A can na ga ɗan kasuwa yana yi wa alamarsa rajista tun kafin ya sayar da komai. Na san wannan sarai. Amma a gida na ɗauka alamar kaya kamar tsagar kunnen saniya ce: makiyayi ba ya zuwa ofis, kowa ya san tasa.

Haka muka yi shekaru. Wata rana mai babur ɗin da ke rarraba mana burodi ya dawo daga Kurfi da wani burodi a hannu. Raƙumina ne a ledar, har gajeren wuyan, amma burodin ba namu ba ne.

Na kai wa ɗan ƙanwata, lauya ne. Ya bincika, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Kawu, mai burodin Kurfin ya yi rajistar raƙumin nan. Kai sunan gidan kaɗai ka yi wa."

"Raƙumin da ya girme ka?"

"Shi fa. Idan ya ga dama, gobe ya nemi a hana ka buga shi. Muna iya shiga kotu mu nuna kai ka fara, amma sai shaidu, kuma abin zai ja."

Na hango tsofaffin matan Barkiya a benci gaban alƙali saboda ledar burodi. Na ce a'a, Kurfi za ni.

Mai gidan burodin matashi ne, bai kai ɗana na fari ba. Yana ganina ya durƙusa har ƙasa, ya shimfiɗa mini darduma.

"Baba, wallahi da burodinka aka yaye ni."

"Shi ya sa ka kore mini dabba?"

Ya yi dariya, kansa a sunkuye. Ya ce shi bai ɗauka raƙumin na wani ba ne, ya ɗauka haka ake gane burodi mai kyau. Da zai buɗe gida, lauya ya ce ya yi rajista, ya yi. Yanzu ledojinsa da motarsa duk da shi suke, ba zai iya saki ba.

Na tuna da zamaninmu. A da, wurin sarkin kasuwa za mu je, ya dube mu ya ce wane ya riga wane, a sha fura a watse. Sarkin kasuwar da na sani ya rasu, kuma ko yana nan, maganarsa ba ta soke rajista.

"Baba, ka ci gaba da bugawa a Dutsin-Ma," in ji matashin. "Ni ba zan shigo maka gari ba. Wa ya isa ya hana ka?"

Ɗan ƙanwata ya dage sai an rubuta, don magada. Aka rubuta. Sunan matashin ne a matsayin mai alama, nawa a matsayin wanda aka ba izini. Na sa tabarau na karanta wurin a hankali, da Turanci, sannan na sa ya maimaita mini da Hausa ko zai fi sauƙin haɗiya. Bai fi ba. Na karɓi biro na sa hannu.