Hatimin Ƙafa Mai Yatsu Huɗu

A Gidan Ɗorawa, wani ƙauye a bayan Makoda inda gonar wannan ke goga kafaɗa da gonar wancan, ba a barin silifas a ƙofar masallaci. Kowa haɗe nasa yake yi ya matse a hammata ya shiga. Baƙo kan ɗauka ɓarayi ne suka yi yawa. Ba ɓarayi ba ne. Safiyatu ce.

Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, tafin hannunta kullum a rine, ja a nan, rawaya a can, har lalle ya daina kama mata. Katin gaisuwa take yi: na Sallah, na suna, na barka da dawowa daga Makka, na 'yan makarantar da ke son su aika wa juna kalmar da baki ba zai iya furtawa ba. Mahaifinta mai facin taya ne a bakin titin Makoda, don haka cikin warin roba ta tashi. Tana da ɗingishi kaɗan. Tun tana yarinya ta bi yayanta Yahya gona ranar noman farko, ta sa ƙafa inda bai kamata ba, fartanyarsa ta ɗauke mata ƙaramin yatsan hagu. Shi ya goya ta da gudu har gida. Tsofaffi na cewa kukansa ya fi nata ƙarfi.

A firamare wata ɗalibar kwalejin Bici da ta zo koyon koyarwa ta yanka dankali, ta sassaƙa fure a jiki, ta tsoma a tawada ta danna a takarda. Sauran yara suka yi tafi suka manta. Safiyatu ta kai dankalin gida, ya ruɓe, ta shiga neman abin da ba ya ruɓewa. A silifas ta same shi.

Amma ba kowane silifas ba. Sabo kamar soso yake, ya shanye launi ya bar kwali da dabbare-dabbare. Wanda aka daɗe ana takawa shi ne na aiki, wajen dunduniya inda nauyin mutum ya daddale roba ta yi sulɓi. Nan take yankowa, ta sassaƙa da ɓallin reza, ta liƙa a guntun katako. Hatimi ke nan. Rubutu a juye take sassaƙa shi, tana dubawa a madubi, don in an danna ya fito daidai. Launi kuwa a tukunya take dafawa. Karan dafi ya ba ta ja, kurkur rawaya, zoɓo ta ɗiga masa ruwan kanwa ya rikiɗe ya koma wani kore mai duhu, baƙin tukunya ya zama baƙi. Kowanne sai ta sa masa ƙaro don ya kama. Da ƙullin tsumma take dangwala wa hatimi launi, ba ta gogawa. Mai haske shi ne farko, mai duhu ya biyo baya. In tana son gefen kati ya yi kamar yayyafi, sai ta tsoma tsohon buroshin haƙori ta karza a bayan rariya. A inuwa take shanyawa, domin rana cinye zoɓo take yi.

Matsalar ita ce mai rai ba ya rabuwa da silifas ɗinsa. In ya tsinke a soke da ƙusa, in ya ɓule a ci gaba da tafiya. Sai da mahaifinta ya rasu, aka raba riguna da huluna, silifas ya rage a bakin zaure ba mai so, sannan ta samu irin robar da take nema. Ta sassaƙa ganyen zogale a dunduniyar, ta buga wa 'yan'uwanta katin Sallah. Da aka ɗaga katin a haske, a bayan ganyen ana ganin wasu siraran layuka. Fason ƙafar tsohon ne, da roba ta riƙe.

Daga nan masu rashi suka fara aiko mata da takalman mamatansu. Ita ta samu roba, su su samu abin da za su ajiye a ƙasan akwati. Takan jera su a gindin bango kafin ta kai kansu, ƙafa biyu-biyu, duk suna fuskantar ƙofa.

"Safiya, ki juya su mana," in ji mijinta Abdulmumini, ɗan acaɓa mai yawan barkwanci. "Kullum in na shigo sai in ji kamar in yi sallama in jira a amsa."

"To ka yi mana, Malam. Lada za ka samu."

"Ranar da aka amsa kuwa, babur ɗin ma a nan zan bar miki shi."

Kuskuren ya faru ne a wani zaman makoki. Da aka watse, matar mamacin ta tattara takalman da ta gani a bakin zaure ta aika. Ɗaya daga ciki na Malam Hashimu ne, wani tsoho mai tarin fuka da ya zagaya bayan gida. Ya fito bai ga takalmi ba, ya tafi gida ba takalmi yana tsine wa ɓarayi. Safiyatu ta sassaƙa jinjirin wata a dunduniyarsa. Kafin a yi girbin gero, Malam Hashimu ya rasu.

Ya tsufa, kuma kowa ya san ƙirjinsa. Liman ya faɗa a huɗuba cewa ajali a hannun Allah yake, roba ba ta kashe kowa. Ya faɗa da ƙarfi. Waɗanda ke sahun gaba sun ce nasa takalmin yana ƙarƙashin darduma lokacin da yake faɗa.

Safiyatu ta zaci mutane za su guje ta. Abin da ya faru ya fi haka muni. Sai ta fara tsintar baƙar leda a gindin dangarta, an wurgo da rana tsaka, lokacin da maza ke gona mata ke ɗaki. A ciki silifas, ba sallahu, ba sunan mamaci. Kuma ba a yi rasuwa a garin ba. Na masu rai ne, ana so ta yanka su bi bayan Malam Hashimu.

Wanda ya shekara yana kallon sawun mutane a roba ba ya rasa gane su. Wannan na wata tsohuwa ce mai jan ƙafar dama, wadda surukarta ke jinya. Wancan na wani mai shago ne. Takan nannaɗe su a zane ta mayar wa masu su, ta ce a hanya ta tsinta. Su yi godiya, su yi mamakin kajin gida da ke jan takalmi. Ita kuwa ta dawo tana kallon fuskokin da ke gaishe ta a bakin famfo, tana tunanin wace ce a ciki ta tsaya a bayan danga ta ɗaga hannu.

Wata rana na Baffa Munir ne ya faɗo, ƙanen mahaifinta, wanda fadamar gidansu ke hannunsa tun rasuwar tsohon, kullum yana cewa za a raba bayan damina. Ta kai masa. Ta tarar da shi a zaure, Yahya na gefe yana ɓarar gyaɗa.

"Ikon Allah! Wane mara kunyar ne ya ɗauke su?" in ji Baffa.

Don ta rage nauyin maganar sai ta yi dariya. "Allah ya san shi, Baffa. Ni ma na kusa sani."

Baffa ya ƙyalƙyale. Yahya ya miƙo mata gyaɗa, ta karɓa ta fita.

Ana cikin azumi aka yi suna a gidan wata maƙwabciya. Da Safiyatu ta fito, ba ta ga silifas ɗinta ba, wani kore da ta ɗaure maɗaurinsa da waya. Aka ara mata wani. Ba a yi mako ba, ta dawo daga niƙa da hantsi ta ga leda a gindin danga. Ba ta buɗe ba sai da ta shiga ɗaki. Kore ne. A ƙafar hagu gurbin yatsu huɗu, wurin na biyar a cike kamar sabo.

Ta ajiye shi a gindin bango, a ƙarshen layi, yana fuskantar ƙofa. Ta daɗe tana kallon yadda ya dace da wurin.

Abdulmumini bai yi barkwanci ba ranar. "Kawo in ƙona shi."

"In ka ƙona, ka ƙona wanda ya wurgo?"

"To ki sa abinki ki ci gaba da yawo. Ya gani, ya ji kunya."

"Wa zai ji kunyar? Malam, wani a garin nan yana gaishe ni kullum yana jiran gawata. Ruwan wa zan sha? Ƙosan wa zan karɓa in sha ruwa da shi?" Ta ɗauko reza. "Shi ya zaci ba zan gane ba, zan yanka. To zan yanka."

"Ke ba kya jin tsoro?"

"Ina ji. Riƙe min madubin."

Wannan karon ba dunduniya ta yanko ba. Gaba ɗaya ƙafar hagun ta ɗauka, ta bi gurbin sawunta da reza tana rage robar gefe, har tafin ƙafar da yatsun suka tashi sama. A tsakiya ta sassaƙa Barka da Sallah a juye. Abdulmumini na riƙe da madubin, tana duba rubutun a ciki. Ta dafa karan dafi ya yi kauri, ta fara shafa wa kwalin kurkur sama-sama, ya bushe, sannan ta danna. Ta ɗaga. Jan sawu a kan rawaya, kamar wani ya taka jini ya bi ta kan rairayi. Ta buga na kowane gida. Da ta shimfiɗa su a rumfa su sha iska, sai tsakar gidan ya zama kamar wata mai ƙafa ɗaya ta yi ta zagaye tana neman hanyar fita.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi ta ɗauki faifai ta fara bin gidaje. Lissafinta mai sauƙi ne: duk wanda bai san komai ba, zai firgita.

Kuma sun firgita. Goggo Asma'u ta kai katin kusa da ido, ta ƙirga yatsun da farce, ta saki salati. "Ke Safiyatu, uban wa ya sa ki? Kanki ɗaya kuwa?" Ta tofa mata addu'a har a fuska. Mai shago ya ja da baya ya ture kwanon alawa. Matar Liman ta fashe da kuka ta riƙe mata hannu. Baffa Munir ya zage ta tas, ya ce in ta mutu shi ba zai yafe mata ba. Kowane zagi sai ta ji ƙirjinta ya ɗan yi sauƙi. Ba ta taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Gidan Yahya ta bari ƙarshe, don can za ta zauna ta ci tuwon Sallah ta huta. Ta tarar da shi a ƙofar gida cikin sabuwar shadda.

"Yaya, barka da Sallah. Ga naka."

Ya karɓa ta gefe, da yatsu biyu. Ya duba. Duk duniya ba wanda ya kai shi sanin wannan ƙafar. Ta tsaya tana jiran salati, ko zagi, ko ma mari.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Jan ya fito sosai."

Sannan ya ɗago ya dube ta. Ba katin yake kallo ba. Idonta yake dubawa, da leɓenta, da wuyanta, irin kallon da ake yi wa akuya a kasuwa don a gane ko tana da ciwo.

"Jikin naki dai lafiya, Safiya? Ba kya jin komai?"

Sai ta tuna zauren Baffa, da fadama, da wasan da ta yi, da gyaɗar da aka miƙo mata. Ta ce ta kusa sani. Ashe akwai wanda ya ɗauki maganar da gaske. Wanda ya wurgo na Baffa, shi ya wurgo nata.

"Lafiya lau, Yaya."

"Madalla. Shiga mana, an ajiye miki tuwo."

"Na ƙoshi," in ji ta.

Ba ta gaya wa kowa ba, har Abdulmumini. Da ya tambaya, ta ce duk garin sun zage ta, ya ce alhamdulillahi, ashe iska ce ta kawo ledar.

An yi damina da dama tun daga ranar. Safiyatu na nan, ta ƙara ƙiba ma. Leda ta daina faɗowa a gindin danga, ko da yake har yau ba a barin takalmi a ƙofar masallaci. Ta koma buga ganyen zogale da jinjirin wata, ta koyi haɗa lalle da kurkur su ba ta launin ƙasar fadama, wadda har yanzu ba a raba ba. Hatimin ƙafar yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa. Sau ɗaya a shekara take sauko da shi, ta buga kati guda, ta kai wa yayanta da hannunta.

Shi kuwa Yahya, kullum da safe kafin ya wuce wajen facin tayar da ya gada daga mahaifinsu sai ya tsaya a ƙofarta ya yi sallama. Ya rame, furfura ta fito masa da wuri. Ba ya zama, ba ya shan ruwa. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya tambayi jiki, ta ce lafiya lau, ya juya.

Matan garin kan nuna shi ga 'ya'yansu maza. Su ce ku dubi Yahya, ku koyi yadda ake riƙon ƙanwa.