MaSibindi da Cocin Motar Asuba

Sunan da aka yi mata baftisma da shi Tryphina ne, amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba sai fasto, ranar da muka binne ta. Mu MaSibindi muka sani, da sunan gidan ubanta, domin ba ta haifi ɗan da za a riƙa kiran ta da sunansa ba. Mijinta ya tafi Goli, can ƙetaren iyaka ta kudu, haƙar zinariya tun tana da ƙuruciya. Sau ɗaya ya aiko da bargo, daga nan shiru. Guga take yi a wani gidan wanki a cikin Bulawayo, tana kwana a ɗaki guda a ƙarshen Luveve, inda kwalta ta ƙare. A wurin akwai wata tsohuwar danya, kuma a gindinta bas ke juyawa.

A lokacin bas ɗaya ke zuwa mana da asuba. Wanda ya rasa ta sai ya jira hantsi, kuma wanda ya isa aiki da hantsi ya san abin da zai tarar. Saboda haka fuskokin jiya su ne na yau, kowa da kujerarsa kamar a aji. Ni akawu ne a ofishin kayan jirgin ƙasa, ina zama bayan direba ta hannun taga. MaSibindi ce ke fara shiga, amma ba ta zama. Takan tsaya a tsakiya, ta riƙe ƙarfen sama da hannun da ya sha ƙunan dutsen guga, ta jira mota ta cika, sa'an nan ta ɗaga waƙa.

Tsarin ba ya canzawa. Waƙar yabo har mu hau babban titi, sai karatu, sai addu'a saboda marasa lafiya da waɗanda aka kora daga aiki, sai waƙar rufewa in an hango hayaƙin masana'antu. Karatun nawa ne. A makarantar mishan an koya mana yadda ake tsayawa a waƙafi da yadda ake sauke murya a aya, kuma MaSibindi ta ce ni kaɗai nake karanta Ishaya ba tare da na yi tuntuɓe ba. Akwai 'yan Methodist a cikinmu, akwai 'yan Katolika, akwai masu fararen riguna, akwai kuma Siziba mai fenti, wanda ba wanda ya san cocinsa.

"Mama MaSibindi," yakan ce daga kujerar baya, "yau ki roƙa mana Allah ya tsayar da agogon maigidana."

"Zan roƙa ya tsayar da ƙafarka a ƙofar gidan giya, agogo zai gyara kansa."

"To ai kin kashe ni ke nan!"

Direbanmu Mkandla kullum cewa yake shi ba ɗan cocinmu ba ne, tuƙi aka ɗauke shi ya yi. Amma na lura ba ya canza giyar mota sai a ƙarshen baiti.

Akwai al'ada ɗaya da MaSibindi ta kafa. In ɗaya daga cikinmu ya rasu, washegarin jana'iza sai a shimfiɗa farin ƙyalle a kujerarsa, ba mai zama ko da mota ta cika maƙil. In an iso inda ya saba shiga, Mkandla ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya kashe inji. Mu yi baiti ɗaya, ƙofa a buɗe, ba mai hawa ba mai sauka. In baiti ya ƙare ya rufe, mu wuce. Na ga maza masu gemu suna share ido da hular ulu a irin wannan tsayuwa.

Wata safiya bayan mun yi wa wata dattijuwa mai shara wannan tsayuwa, muna sauka a tashar gari, MaSibindi ta kama hannun kwat ɗina.

"Baba Mlotshwa, kai kana da 'ya'ya, ranar da ka tafi gidanka zai cika da kuka. Ni ba ni da mai kuka. Coci za su binne ni, aikinsu ne, ko kare ya mutu a harabarsu sai sun san yadda suka yi da shi. Abin da nake so ƙofar nan ce. Ku buɗe mini ita a gindin danya, baiti ɗaya. Kuma ka hana Siziba jan waƙar, muryarsa kamar akuya ta ga wuƙa."

Na ce mata ni zan riga ta. Ta ce ba tambayata ta yi ba. Na yi alkawari.

Ba zan ce zamanin nan daɗi ne zalla ba, domin ba haka ba ne. Mu da ke ƙarshen layi muna samun wuri. Waɗanda ke tsakiya sukan ga mota ta wuce su a cike, muna ciki muna waƙa. Wata shekara a watan Yuni, lokacin sanyi a ƙasarmu, muka wuce wata yarinya mai tsohon ciki tana ɗaga hannu a bakin titi. Kwandasta ya ce ko allura ba za ta shiga ba. Yarinyar sabuwa ce a wurin aiki, ta ji tsoron kora, ta kama hanyar gari a ƙasa. Ba ta kai ba. Ita ta rayu, ɗan bai rayu ba. Da labari ya zo mana, MaSibindi ta yi kwanaki tana tsaye a wurinta ba ta ɗaga waƙa ba.

Shekaru kaɗan bayan 'yancin kai aka ce za a sake tsara hanyoyin bas, kowace unguwa ta zo ta faɗi bukatarta. Muka cika zauren unguwa. Wani matashi mai suna Nleya ya zo daga ofishin tsare-tsare, ya manna taswira a allo, ya yi mana bayani da ladabi. Ya ce motocin da za a ƙara ba su da yawa, don haka zaɓi biyu ne. Ko bas ta ci gaba da shiga kowane lungu tana zuwa jefi-jefi, ko a miƙe hanya ta bi babban titi kaɗai, sai ta riƙa zuwa a kai a kai, wanda ya rasa ɗaya kafin ya gama tsaki wata ta iso.

MaSibindi ta miƙe da jan ɗankwalinta na matan coci.

"Ɗana, ban yi makaranta ba, zanen nan naka ban gane shi ba. Abu ɗaya na sani. Kada a sake barin mace a bakin titi. Ka miƙe hanyar."

Nleya ya duba taswira, ya ce, "Mama, a ina kike shiga?"

"Gindin danya."

"In na miƙe ta, can ne zai fara fita. Sai kin tako zuwa babban titi."

"Ƙafafuna biyu suna nan, ba aro na yi ba."

Siziba ya ce, "A bar mata, tun da ta iya tsayuwa daga Luveve har gari ai tafiya hutu ce." Zaure ya ɗauki dariya, aka ɗaga hannu, miƙe hanya ta yi rinjaye. Ni ma na ɗaga. Ba wanda ya yi tunanin cocinmu na mota a ranar, har ita kanta.

Tsarin ya yi aiki, dole in faɗi haka. Motoci suka riƙa zuwa a jere. Mata suka samu lokacin dama wa yara kunu kafin su fita. Ba a sake wuce kowa ba.

A makon farko mun taru a sabuwar tsayuwa muka shiga mota ɗaya, muka yi waƙa har da ta godiya. A mako na biyu aka fara samun gibi. Mutum ya iso ya ga mota a tsaye, kujeru fayau, sanyi na cizon kunne. MaSibindi takan tsaya a bakin ƙofa tana tare mutane.

"Ku dakata mana, sauran suna tafe."

"Mama, ga mota, ga kujera, in jira wa? Gobe dai, gobe."

Aka ce to a riƙa haɗuwa ranar Juma'a kaɗai. Aka yi Juma'a biyu ko uku. An mayar da Mkandla wani layi, direbobi suka koma yau wannan gobe wancan, wasu da rediyonsu. Motar ta cika da baƙin fuskoki daga sababbin unguwanni. Wata rana MaSibindi ta ɗaga waƙa, wani saurayi mai jarida ya kira ta kaka da yarenmu, ya ce, "Gogo, yau Talata ce, ba Lahadi ba." Ta kai ƙarshen baiti ita da ni, ta nemi wuri ta zauna. Ranar na fara ganin ta a zaune cikin bas.

Mutuwar Siziba ce ta karya ta. Mun daɗe ba mu gan shi ba, kullum muna cewa ya samu motar gaba, ko yana ta baya. Sai wata Asabar na haɗu da matarsa a kasuwa cikin baƙaƙen kaya. Ya faɗo daga tsani, an binne shi tun kafin ruwan farko, ga shi har masara ta kai gwiwa. Da na gaya wa MaSibindi ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Yana ƙasa, mu muna cewa ya samu motar gaba," ta ce. "Da can ko mura mutum ya yi, kafin a kai gari an yi masa addu'a."

Ta sa na raka ta ofishin Nleya. Ya gane ta nan take, ya ba ta kujerarsa, ya aika a kawo shayi da burodi. Ta roƙe shi abu ɗaya: mota guda da asuba ta koma bi ta gindin danya, da direba guda, kamar da. Ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce in ya ciro mota ɗaya daga jeri, gibi zai buɗu a daidai lokacin da mutane suka fi yawa, waɗanda ke tsakiya za su sake ganin mota ta wuce su a cike.

"Mama, ke kika ce kada a sake barin mace a titi."

"Ni na ce. Da za a sake taron, haka zan sake cewa."

Ta shanye shayinta, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. A kan matakalar ofishin ta ce mini, "Yaron nan yana da gaskiya, Baba Mlotshwa. Da ma ƙarya yake yi, da na samu wanda zan yi fushi da shi."

Ƙafafun da ta ce ba aro ta yi ba su ma suka gaza. Tsayuwar guga ta cinye gwiwoyin, tafiya zuwa babban titi ta ƙarasa su. Ta bar aiki. Nakan kai mata ziyara ranar Lahadi da garin masara da ɗan nono. Ba ta sake tuna mini alkawarin ba, sai dai kullum a ƙofar ɗaki take zama, fuskarta wajen danyar, inda ciyawa ta riga ta rufe sawun taya.

Ta rasu cikin damina. Matan coci suka yi mata sutura, suka yi waƙa yadda ya kamata, fasto ya kira ta Tryphina. Cikin mutanen motar asuba ni kaɗai na je. Ban ga laifinsu ba, ba inda za su ji.

Washegari na sa kwat ɗina na Lahadi, na ɗauki farin ƙyalle, ko da yake na riga na yi ritaya. Na tari mota tun daga inda layi ke farawa yanzu, na shimfiɗa ƙyallen a kujerar kusa da ni. Wata mata ta naɗe shi da kyau ta miƙo mini, ta ce, "Baba, ga hankicinka," ta zauna. Na je wurin direba, wani saurayi ne, na yi masa bayani a taƙaice.

"Gindin danya? Baba, ko uwata ce ba zan bar titi ba. Da agogo ake bin mu."

Na ce to ya tsaya a mararrabar da MaSibindi ta koma shiga bayan an miƙe hanya, ya bar ƙofa a buɗe na ɗan lokaci. Ya ci gaba da tuƙinsa. Da muka iso na buga ƙararrawa, ƙofa ta buɗe. Na tsaya a kan matakala, ƙafa ɗaya a ciki, na cire hula, na ɗaga baitin. Muryata ta ƙasa ce, a makaranta ba a taɓa ba ni jan waƙa ba, kullum bin wani nake yi. Ina kaiwa layi na biyu fasinjoji suka fara magana.

"Tsoho, mun makara!"

"Wa ya ba shi giya da sassafe?"

Direba ya ce, ba da tsawa ba, "Baba, ka yi haƙuri. Ko ka hau ko ka sauka."

Na sauka. Ƙofa ta rufe, mota ta tafi. Daga inda nake tsaye ana hango kan danyar ta bayan rufin gidaje. Na juya wajenta na ci gaba daga layi na uku, ƙyallen a hannuna.

Ban kai ƙarshe ba wata motar ta iso. Ta tsaya a gabana, ƙofa ta buɗe, kujeru fayau. Direban ya dube ni, na girgiza kai, ya rufe ya wuce.