Ƙahon da Sallau ya yi wa Grema

Shekara talatin Grema yana wanzanci, tun a Bosso, inda masunta ke jera masa baya ya tsotse musu gajiya da ƙaho. Da tashin hankali ya koro su Diffa, ya shimfiɗa tabarmarsa a gefen kasuwar tattasai, kusa da ta amininsa Sallau, wanzami shi ma. Grema ba ya rasa bayani: ciwon kai, ciwon baya, har baƙin rai, duk mataccen jini ne.

Bara kasala ta kama shi, zazzaɓi ya ƙi tafiya, dasashi na jini. Ya san sunan abin, mana. Wanzami ba ya son jarfa, amma ya cire riga ya ce wa Sallau, "Cire mini mataccen nan."

Tsaga shida ƙanana. Har azahar jini bai tsaya ba. Aka kai shi asibiti a gaban jama'a, bayansa ja-jawur.

Kafin sati magana ta gama kasuwa: askar Sallau ce ba ta da kyau. Tabarmarsa ta bushe, ko aski ba a kawo masa.

Da sakamakon gwaji ya dawo, likita ya ce, "Baba, cutar daji ce ta jini, mai saurin tafiya. Ɓargon ƙashinka ke haifar ɗanyun ƙwayoyi barkatai, sun danne masu amfani, har da masu tsayar da jini. Ko ƙaya ce ta soke ka, haka za a yi. Magani sai Yamai."

Grema ya gane sarai, kamar ciyawa ce ta cinye gona. Yamai kuwa ya san jikinsa ba zai kai ba. Abin da ya fi ci masa rai Sallau ne.

Ya sa matarsa Fatime ta samo amalanke, aka tura shi kasuwa. Ya zauna a tabarmar Sallau, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Ciwona daga ƙashina yake, jama'a. Sallau, yi mini aski su gani."

Sallau ya jiƙa masa kai, ya buɗe aska. Ya tsaya da ita bisa kan Grema, ya tuna jinin nan da ya ƙi tsayawa. Ya daɗe a haka, mutane na kallo, sannan ya naɗe ta yana kuka.

Kwana tara bayan nan Grema ya rasu. Sallau yanzu dakon buhunan tattasai yake yi.