Mijinyawa, Mai Raba Lodi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 4 ga Fabrairu 1981, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Abdussamad, wanda kowa a tashar manyan motoci ta bayan babbar kasuwar Grand Marché ya sani da Mijinyawa. Ya rasu a gidansa na unguwar Chagoua bayan ciwon ƙirji na wata biyu. Ni Yunusu mai fatu, na rasa amini a makon da na fi kowane mako farin ciki.

Mijinyawa, shekara ashirin kana yi mini kamasho. Kai ka koya mini lokacin da ake shatar mota da lokacin da ake shiga haɗaka. Ka ce in kaya sun cika kamiyo, wato babbar mota, kuma ba sa son jira, a yi shata, a ɗaure tamfol, ba mai kwance shi sai Maiduguri. In kuwa ɗauri kaɗan ne, a haɗa da na jama'a, a yi haƙuri da jiran cikar mota da tsaye-tsayen hanya. Ba ka taɓa ɗora fata kusa da gari ba, ko kananzir kusa da busasshen kifi. Kai ne kuma ka matsa mini na shiga karatun manya na yamma ina da furfura, don in riƙa karanta takardar lodi da idona. Da wannan karatun nake rubuta maka yau.

Bara, da faɗa ya ɓarke cikin gari, ina da fatun da za su cika mota. Na same ka na ce shata nake so, yau ɗin nan. Ka dube ni ka ce, "Yaya Yunusu, rabi za ka ɗauka."

Na ce, "Kai da bakinka ka koya mini cikakken kaya sai shata!"

Ka ce, "Wancan karatun zaman lafiya ne. Ina Zaliha?"

Zaliha 'yata ce tilo, tana unguwar Moursal da mijinta Bakari, kwana shida ba su leƙa waje ba saboda harbi. Ni a tunanina in fitar da kaya tukuna, sannan in nemo musu hanya.

Sai ka bayyana mini abin da ka gani kwanakin nan. Motar shata ta mutum ɗaya ce, masu bindiga a shinge suna ganinta sai su ce dukiyar attajiri, su sauke direba su tafi da ita. Motar haɗaka kuwa, al'adar tasha ce kowane mai kaya ya hau ya zauna kan kayansa, kuma har lokacin ba su cika tsananta wa ƙananan 'yan kasuwa ba. Don haka ka rarraba rabin fatuna ɗauri-ɗauri, ka rubuta wa kowane ɗauri mai shi. Gida tara na masu neman tsira daga faɗan suka zama masu kaya a yini ɗaya. Da kanka ka shiga Moursal ta lungu, ka fito da Zaliha da Bakari. Da Hajjo mai ƙosai, ɗaya daga cikin masu hawan, ta ce ita ba ta san fata ba, ka ce, "Hajja, zauna dai ki ɓata rai kamar an tsuga miki kuɗin mota, kalas, shi ke nan."

Shinge uku muka wuce kafin mashigar fiton da ake haye kogi zuwa Kusiri. A kowanne an tambayi kayan wa, murya ta amsa daga sama. Kai ba ka hau ba. Ka ce kamasho lodi yake yi, ba ya bin mota.

Rabin da na bari a sito ya ƙone ƙurmus. Da labarin ya iske ni, na aiko maka da maganar da nake jin kunyarta har yanzu. Ba ka rama ba. Da muka dawo ka tarye ni kamar ba a yi ba, ni kuma girman kai ya hana ni buɗe baki.

Ranar Litinin Zaliha ta haifi ɗa namiji, bayan shekara takwas muna roƙon Allah. Na rugo gidanka ko hula ban sa ba. Na yi maka albishir, sannan na roƙe ka gafara. Ka yi murmushi ka ce, "Ashe lodin ya isa lafiya." Kwana biyu bayan nan ka tafi.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hansatu, da 'ya'yanka Mudi da Safiyatu, da direbobi da 'yan dakon tasha baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sauke ka lafiya a Aljanna Firdausi kamar yadda ka sauke mu lafiya. Allah Ya kawo wa ƙasarmu ƙarshen wannan yaƙi.

Litinin mai zuwa za a yi suna. Bakari ya bar mini zaɓi, na kuwa zaɓa: Abdussamad.