Ƙamusun da Na Ɓoye a Rumbu

Ranar wata Litinin a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare a Bukkuyum, aka kwantar da Jaɓɓi, wani ɗan ajinmu, a filin taron safe aka zuba masa bulala shida saboda ƙamus ya ɓata a hannunsa. Ina tsaye a layi na biyu, takalmina duk laka, na kuma san sarai inda ƙamusun yake. Yana cikin rumbunmu, ƙarƙashin dammunan gero.

Ƙamus ɗaya gare mu duk ajin, na malamin adabin Turanci ne, wani jibgege mai jan bango da aka ɗinke da zaren buhu. Kwana ɗai-ɗai yake yi a hannun kowa. Malam ya ce littattafan da za mu karanta cike suke da manyan kalmomi, don haka kowa ya tara goma kullum, ya san ma'anarsu, ya iya sa su a jimla. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Ina noman wake ina bitarsu, ina zuba wa awaki dusa ina bitarsu, har langa na daina fita. Inna takan leƙo daga madafa ta ce, "Kai, mi kaka ta gunguni kamar mai iskoki?"

Duk da haka Jaɓɓi ya fi ni, abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Daga rugar Fulani ta bayan gari yake zuwa. Da gawayi yake rubuta kalmominsa a jikin sandar kiwo, kafin shanu su dawo ya haddace, washegari ya tsara jimla a kan karsanarsa har Malam ya tafa masa. Saura mako biyu jarrabawa, ranar da ƙamus ya zo hannunsa, na zare shi daga jakarsa lokacin hutun tara. Wallahi niyyata kwana uku ne in mayar. Da cigiya ta yi tsanani sai tsoro ya kama ni, na yi gum.

Jaɓɓi bai zargi kowa ba. "Ga hannuna yaɓ ɓace, Malam," iyakar abin da ya faɗa ke nan. Washegari mahaifinsa ya zo, kunya ta hana shi ɗaga kai, ya ce tunda yaron bai riƙe amanar littafi ba, to ya koma ga shanu. Ina kallo ta taga suka fita, Jaɓɓi na biye da shi da jakarsa a hannu.

Da na hau rumbu bayan jarrabawa, ashe rufin yana yoyo, gara ta cinye ƙamusun, sai bango da zaren buhu. Na binne su a juji. Ni na zo na ɗaya, Inna har guɗa ta yi, na kasa cin tuwo ranar.

Yanzu ni nake koyar da adabin a Gummi. Ɗalibaina kowa da ƙamusunsa a cikin waya, babu mai jiran ranarsa, babu kuma mai haddace goma. Bara na haɗu da Jaɓɓi a kasuwar shanu, gemunsa ya fara fari. Ya riƙe hannuna yana murmushi ya ce, "Malam, har yau goma kullum?" Na yi dariyar yaƙe, muka gaisa, ya juya wajen bijiminsa. Na san kalmomin Turanci fiye da goma masu nufin nadama, ina ma koya wa yara bambancinsu. "Ni ne" kawai na kasa faɗa masa.