Sojojin Roba na Sabi'u

Shekara shida ke nan da rasuwar aminina Sabi'u, kuma har yau in na ji ana yabonsa a gidan abincin da muke taruwa a unguwar Dengfeng, sai in ɗaga kai in dubi mai yabon da kyau. Ban yarda da yabon nan ba.

Tare muka zo birnin Guwanzu na ƙasar Sin daga Kano sarin tufafi a kasuwar Canaan. Da kasuwa ta ja baya, ya samu aiki wajen wani Basine a unguwar Panyu: fentin 'yan sojojin roba, kowanne bai kai babban yatsa ba, waɗanda Turawa ke jerawa a tebur suna wasan yaƙi. Hannunsa akwai sauri. Ya fesa musu baƙi gaba ɗaya, ya tsoma buroshi a fenti mai haske, ya goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ya shafa sama-sama, sai ka ga sulke ya fito. Sannan ya bi da fenti mai ruwa-ruwa ya shige lunguna. Talatin yake gamawa kafin la'asar. Ido ne kawai ba ya sa musu, ya ce wannan ba huruminsa ba ne.

Duk wannan daga baya na sani. Ranar da na faɗa ɗakinsa ba ya nan, abin da na gani baƙaƙen gumaka ne jere a faranti, wasu har da ƙaho. Ban tambaye shi ba. Mutum ɗaya na gaya wa, na ce ya riƙe. Magana kuwa zarar bunu ce. Cikin mako guda aka daina cin kwano ɗaya da shi, labari ya riga shi isa Kano.

Yau waɗanda suka kira shi matsafi su ne ke cika kwalaye da irin kayan nan suna turawa waje. Da zai dawo, ina jin tambaya ɗaya zai yi musu: me ya canja? Ni dai zargina, riba ce ta wanke shi a wajensu, ba gaskiya ba.

Abin da mutum ke bari sunansa ne, kuma 'ya'yansa ne ke yawo da shi. Bana 'yarsa Hafsa ta kira ni daga Kano.

"Baffa, don girman Allah, Abba tsafi yake yi?"

Na rantse mata ba ya yi.

"To wa ya fara faɗa?"

Na ce mata layi ba kyau, na kashe waya. Kunyar hakan ta hana ni sakat.

Hafsa, na san kina karanta shafin nan. Ni ne.